Abin da Direba Yake Karanta wa Yayata

Yayata tela ce, kuma tun muna yara take da jiki. Shagonta ɗan ƙarami ne: keke biyu, madubi mai tsaga, sai benci. Karatu bai zauna mata ba, amma in ta riƙe almakashi, sai dai ka ja gefe.

Da ta samu babbar waya sai ta fara ɗora bidiyo. Ta ɗinka riga, ta saka, ta juya gaban kyamara tana dariya. Da yamma mijinta direba ya karanta mata abin da mutane suka rubuta. "Sun ce hannunki akwai albarka. Wannan ta ce kin fi amarya kyau." Yaya ta rufe fuska da gyale, wai kunya. Kai, ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Rannan ina shagon wata ɗalibar jami'a ta zo, yarinya mai ladabi. Ta ce bincike suke kan yadda ake cin zarafin masu jiki a intanet. Tsarinsu, a karanta wa mutum sharhin da aka yi masa kalma da kalma, sannan a tambaye shi yadda ya ji ranar da ya fara gani. Yaya ta ce, "Bismillah, 'yata, ni ai yabo nake sha."

Yarinyar ta kunna rikoda ta fara karanto abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon Yaya. Buhu. Saniya. A tausaya wa keken nan. Ko tambaya ba ta yi ba ko Yaya na iya karatu!

"Wannan a ƙarƙashin wace riga?" in ji Yaya.

"Shuɗiyar, Mama."

"Duka haka suke?"

Sai a sannan yarinyar ta gane. Ta kashe rikoda tana ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Yaya ba ta daina ɗora bidiyo ba, sai dai yanzu hannuwanta kawai ake gani. Har yau direba yana zama kan benci yana shirya mata yabo, tana cewa amin. Abin na ci min rai, na ce mata ta gaya masa ta riga ta san gaskiya mana.

Ta ce, "Ke, rufa min asiri. Shi kaɗai ya rage yana jin daɗin abin nan."