Nasiba Mai Cire Haki

A Urafane, in ƙaiƙayi ya faɗa wa mutum a ido lokacin sussuka, gidan Nasiba ake kai shi. Takan kurkure baki da ruwa, ta buɗe idon da yatsu biyu, ta zura tsinin harshenta a ƙarƙashin fatar ido, ta zagaya sau ɗaya. Sai ta tofa hakin a tafin hannu ta nuna maka. Ta sha faɗin cewa yatsa makaho ne, amma tsinin harshe yana bambance yashi da ƙwan ƙwaro. Ba ta da gona, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba abin da ya sa ake gaishe ta da girma sai wannan ɗan naman.

Wata damina ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace. Da ta farfaɗo, magana ta dawo, har ɗanɗanon gishiri tana ji, amma tsinin ya mutu murus. In ta taɓa haƙorinta da shi, kamar da tsumma ta taɓa. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa zai ƙara leƙa tsohuwar da ba ta da amfani? Ta san mutanen garinsu sarai.

Da kaka, ɗanta Lurwanu, wanda shi kaɗai ke ciyar da ita, ya shigo dafe da ido daga wajen injin sussuka.

"Inna, ki cece ni, kamar allura."

Maƙwabta sun biyo shi, sun tsaya kallo. Ta kurkure baki, ta zura harshe, ta zagaya, ta sake zagayawa. Ba ta ji komai ba. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta fi tsoron ƙarfi. Ta tofa miyau a ƙasa, ta take da ƙafa.

"Ya hita, ɗana. Raɗaɗi ne ya rage."

Wani ya ce a kai shi gidan likita a Mayahi. Lurwanu ya ce ina dalili, tunda Inna ta ce ya fita? Ya ɗaure idon da ƙyalle ya koma aiki. Kullum da safe takan ɗauki niyyar faɗa masa gaskiya, sai ta ce bari ta ga gobe. Sanda ciwo ya kayar da shi aka kai shi, hakiya ta riga ta rufe baƙin idon. Likita ya ciro ɗan tsinken gero, ya ce an makara.

Yanzu da ido ɗaya Lurwanu yake noma. Bai taɓa zarginta ba, abin da ke cin ta ke nan. Ranar kasuwa ta ji shi a ƙofar gida yana wa wani baƙo da ya kawo 'yarsa ido a kumbure kwatance:

"Ba sai kun tahi Mayahi ba. Nawa ƙaddara ce. Ku shiga, Inna na ciki."