Sallamar Affan

Ƙanena Affan bai iya zama wuri ɗaya ba, ko abinci a tsaye yake ci. Mahaifiyarmu ta rasu yana shekara huɗu. Gwaggo Lami, ƙanwar babanmu, ita ta ɗauke shi zuwa ɗakinta a ƙarshen layinmu na unguwar New Bell a Douala, ta yi ta fama da shi har ya gama jami'a. To bana sai ga wata makaranta a Kano ta ɗauke shi koyar da Faransanci. Kano fa, garin da kakanmu ya baro, wanda kaf gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa.

A unguwarmu kowa yana da ɗan'uwa a Najeriya. Ka shiga gida yin sallama, ka fito da ƙullin saƙo, kafin ka zagaye layi akwatinka ya zama na mutane. Ga kuma baki. Ni na ba shi shawara, ba zan ɓoye ba: duk wanda ya tambaya ya ce sai bayan Sallah, alhali jirginsa Asabar ta sama ne. Kashegari Gwaggo ta tambaye shi a ƙofar gida, maƙwabta na zaune, shi ma ya ce mata bayan Sallah. Na ja masa kunne ya koma ita kaɗai, ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya, ta sa masa albarka. Ya ce gobe.

Goben nan ta ƙi zuwa. Da safe yana kasuwa neman takalmi, ya saya, ya mayar, ya sake saya. Wani ya ce masa Kano da sanyi, ya kwaso rigunan sanyi har uku, mutumin da ya tashi cikin zufar Douala. Ya je kasuwar Sandaga ya jibgo barkono da kayan miya kamar zai buɗe gidan abinci. Da an sallame isha'i kuma abokinsa Yusufa ya tsaya da babur, su nufi Bonamoussadi cin gasasshen kifi da miyondo, dafaffen ƙullin rogon nan, su kalli ƙwallo, su zaga inda ake kiɗa, wai yana sallama da gari. Ka yi sallama da kifi, ka bar wadda ta goya ka? Haushi ya ishe ni.

Amma na san abin da ke cinsa. Sau biyu ina hango shi ya doshi ƙofarta, ya tsaya, ya laluba aljihu kamar ya manta wani abu, ya juya. Tsoron ganin fuskarta yake yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sa shi gaba muka tafi. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarta Nana Khadija ta ce ai tun jiya Gwaggo ta tafi Ngaoundéré sunan jikarta. Wai Gwaggo ta ce tunda yaron nan sai bayan Sallah, bari ta je ta dawo, ta sayo masa kilishin guzuri daga can. Ko a lokacin ta kamo hanya, jirginsa zai riga ta.

Affan ya zauna a dakalinta. Ya kira, wayar ta daɗe tana ringi kafin ta ɗauka, ana jin hayaniyar mata a bayanta. Ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce gobe da safe zai tashi.



"Mutane kake ɓoye wa, na sani," in ji ta. "Ashe ni ma mutane ce, Affan?"

Ya ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Ta ce ta yafe, Allah ya kiyaye hanya, ya ba shi ɗalibai masu jin magana. Sai ta ce so ta yi ta dafa kansa kawai, ta kashe wayar.