Farin Kwanon Baban Saratu

Shekara bakwai ke nan, a irin wannan lokaci na marka, da muka binne Baban Saratu. Shekara ashirin da shida muka yi tare ban taɓa kiran sunansa ba, amma tunda yanzu na iya riƙe fensir, bari in rubuta shi sau ɗaya: Bitrus. Da zai ga rubutun nan da ya yi dariya, don ya bar ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata. Kuma ba don in yabe shi na ɗauki takarda in rubuto wa jarida ba, yabo ba ya tare ruwa. Hankalina ne ya ƙi kwanciya.

Wanda bai san aikin haƙar ma'adinin kuza ba, bari in gaya masa. In an wanke ƙasa an tsince kuza, laka da yashi da ruwan da suka rage ba ɓacewa suke yi ba. A ƙauyenmu, can hanyar Godogodo in ka fito daga Kafanchan, kamfani ya tare bakin kwari da bangon ƙasa, ya yi ta tura lakar a bayansa shekara da shekaru. Dam muke ce masa. Dam yana sama, mu muna ƙasa. Majami'armu da makarantar firamare da rabin gidajenmu duk a kan hanyar ruwan suke.

Baban Saratu shi ne heluma, wato shugaban leburorin da ke kula da bangon. Kowace safiya yakan bi shi daga wannan kai zuwa wancan ba takalmi, wai tafin ƙafa ya fi ido sanin inda ƙasa ta yi laushi. A gindin bangon akwai inda ruwa ke tsattsafowa, nan yake tara farin kwano, ya bari ya cika, ya tsiyaye a hankali, ya duba gindinsa. Kwanon nan cikin kayan aurena ya ɗauka, mun kuwa yi faɗa a kansa. Na ce duk kwanukan duniya bai ga na ɗauka ba sai nawa mai kyau. Ya ce baƙin kwano ba ya nuna gaskiya.

"Maman Saratu," in ji shi, "in ruwan ya fito garau, gumi ne bangon yake yi, ba komai. Ran da kika ga jar ƙasa a gindin kwano, bangon ne ke zubar da hanjinsa. Ranar kada ki tsaya ɗaukar tukunya."

Dokarsa ta biyu ita ce magudana, hanyar da aka sara a gefen dam don ruwan da ya yi yawa ya fita ba tare da ya hau bango ba. Ko ganye bai yarda ya kwana a cikinta ba. Ya taɓa tumɓuke rogon wani dattijon ikilisiya da ya dasa a jikin bangon, ya ce saiwa tana buɗe wa ruwa ƙofa. Ba su gaisa ba har Kirsimeti. Mutane suka sa masa Sarkin Bango don ba'a, shi kuwa ya riƙa amsawa.

Sau ɗaya ya ga ja a kwanon. Ya ɗauke shi da ruwan a ciki har ofishin manaja, ya ƙi fita sai da aka aika Jos injiniya ya zo. Aka rage ruwa, aka jibge duwatsu a gindin bangon, aka zauna lafiya. Ba wanda ya gode masa. Abin da bai faru ba, ba a yi masa waƙa.

Marka ce ta ɗauke shi. Itace ya faɗa cikin magudana, ya wuni a ruwa har ƙirji suna janye shi, sanyi ya shige shi. Kwana tara muka yi a asibiti a Kafanchan.

Bayan shekara biyu kamfani ya kwashe injunansa ya tafi, ya bar mana dam kamar wanda ya manta akuya a gidan maƙwabci. Na je ofis uku da ƙafata ina tambayar na wane ne bangon yanzu. Kowa ya nuna mini ƙofar wani. Amma ba zan ɗora musu duka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muka gano cewa in an toshe bakin magudana da buhunan yashi, ruwa zai kai mu ƙarshen rani. Lambu ya yi kyau. Tumatir da albasa muka riƙa kaiwa tashar jirgi a kwando. Aka yi alkawari za a cire buhunan kafin ruwan farko. Shekarar farko an cire. Ta biyu an cire rabi. Yanzu ciyawa ta fito a kansu. Buhu uku a ciki nawa ne, da kaina na ɗauko su, ni matar Sarkin Bango. Lambun nan ya ciyar da ni ina gwauruwa, shi ya sa na rufe ido.

Kullum ina tambayar kaina me zai ce da ya dawo ya gani. Rogo ya cika jikin bangon. Shanu sun yi hanya ta kansa. Ruwa ya kai inda a zamaninsa ya kafa turke ya ce kada ya taɓa wucewa, turken ma an yi itacen girki da shi. Kallona kawai zai yi, ni kuwa gara ya zage ni.

Na yi wa dattawa magana bayan sujada. Babbansu ya ce, "Mama, ki kwantar da zuciya, Ubangiji yana tsaronmu." Na ce masa Ubangiji ya tsare Nuhu, amma sai da Nuhu ya sassaƙa jirgi. Suka yi dariya, suka ce boko ya shiga kan tsohuwa.

Ran Litinin da ta wuce na sauko da kwanon daga inda na rataye shi, na je gindin bango na tara. Na tsiyaye yadda na ga yana yi. Akwai jar ƙasa a gindi, kamar cikin cokali. Na wanke na sake tarawa ko hannuna ne. Ta sake kwantawa.

A ranar na shiga magudana na janye buhuna uku. Sauran suna nan, masu su sun ce a jira marka ta wuce, ba wanda yake so ya fara zubar da ruwan raninsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In akwai injiniya cikin masu karanta wannan jarida, ko wanda ke da ikon aiko shi, ya zo yanzu, kada ya jira zuwa ta'aziyya.

Gicciyen kabarinsa gara ta cinye. Sunan ba'ar da aka sa masa yara ba su san shi ba. Abin da ya rage na Baban Saratu kwano ne da hanyar duba shi. Ran Lahadi zan ɗauke shi da ruwansa in ajiye a kan teburin majami'a, gaban kowa, kuma ba zan zauna ba sai maza sun tashi mun tafi magudana. Kabarinsa ma a ƙarƙashin bangon yake. Ya tsare mu yana da rai, ba zan bari laka ta binne shi sau biyu ba.