Ruwan Ƙauyen Baba Barau

Wata Talata ce a watan Yuni, bayan azahar, kuma har yau tana raina. Ina ofishinmu na Samaru ni kaɗai, ina shirya rahoton yanayi na shirin manoma da nake karantawa a rediyo, sai wani dattijo ya yi sallama. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na gane muryar. Baba Barau ne.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: a wasu ƙauyuka an kafa ma'aunin ruwan sama, gwangwani ne kan sanda. Bayan kowane ruwa, mai kula da shi zai duba, ya bugo waya. Da wannan muke sanar da lokacin shuka, muna kuma gargaɗin mazauna bakin rafi. Shekaru Baba Barau yana bugo min daga ƙauyensu na yankin Giwa, yakan haɗa da labarin awakinsa. Da 'yan bindiga suka tashi garin, kiran ya tsaya.

Ya ce yanzu yana Sabon Gari, yana gadin shagon wata Madam Ngozi. Irin dawarsa na nan ƙulle a leda. In damina ta zauna a can, zai lallaɓa ya shuka ya dawo. In ba ta zauna ba, ba zai sai da ransa a banza ba.

"'Yata, an yi ruwa a garinmu?"

Na ce hasashen da aka aiko mana na jiha ne baki ɗaya. Ya ce ba jiha ya tambaya ba.

"Baba, kai ne kake gaya mana."

Ya yi ɗan murmushi. Ya tambaya ko an tura wani ya maye gurbinsa. Ba a tura ba. Tsarinmu bai taɓa tanadin ranar da gari zai watse ba. Sai ya ce gwangwanin yana gindin tsamiya, bayan masallaci, yanzu ƙila ya cika yana zuba.

Ranar na gane cewa rahoton da nake karantawa da isa, mutanen da ke kwana a gidajensu ne ke riƙe da shi.

Baba Barau bai shuka ba a shekarar. Har yau in na zo kan sunan ƙauyensu a rahoton, tsallakewa nake yi.