Mai Tonon Mangwaro

Baban Lambu ake ce masa a kasuwar manoma, amma ko albasa ɗaya bai taɓa dasawa ba. Shekara goma sha tara ya yi yana buga hatimi a wani ofis, da aka rage ma'aikata sai ya sayi malafa da takalmin roba, ya wayi gari manomi.

Kasuwar ranar Asabar take ci, a filin ajiye motoci na wata makaranta, kuma dokarta ɗaya ce: wanda ya noma shi ke sayarwa. Wanda aka kama da kayan sari, rumfarsa ta tafi. Ita kuwa rumfar nan da ita Baban Lambu yake ci da gidansa.

Gonarsa duka bokiti ɗaya ce, cike da laka, a bayan ƙofar banɗaki. Da sassafe zai je inda manyan motoci ke sauke kaya ya saro karas da dankali, ya dawo ya zauna yana shafa musu laka ɗaya bayan ɗaya. Ya gane 'yan birni sarai. Su ga ƙasa a jikin karas, sai su lumshe ido su ce ƙamshin ƙauye. Har wata mai gilashi takan ɗauki hotonsa, shi kuma ya dafe ƙugu kamar mai ciwon baya.

Matarsa takan ce, “Maigida, wallahi wata rana lakar nan za ta tona maka asiri.”

“Ke dai zubo ruwa, ta fara bushewa.”

Da karas ya ƙare, mangwaro ya shigo, sai ya saro kwando biyu. Hannu ya riga ya saba, ƙwaƙwalwa kuma ba ta taɓa zuwa gona ba. Ya bi su da laka tsaf, ya jera a tebur yana jin daɗin aikinsa.

Shugabar kasuwar, wata tsohuwa mai kaushin hannu, ta zo zagaye. Ta ɗauki mangwaro ɗaya ta jujjuya.

“Ɗan nan, shekara arba'in ina noma ban taɓa tono mangwaro ba. Da wace fartanya ka haƙo waɗannan?”

Ya ce, “Baba, ai faɗowa suka yi daga bishiya.”

“Dukansu? Kuma kowanne ya faɗo da shatin yatsu huɗu?”

Masu rumfunan gefe suka kwashe da dariya. Tsohuwar ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ga shi sumul kamar na jariri. Kafin azahar an ba wata mai kuɓewa rumfar.

Ya koma gida ya tarar matarsa ta fitar da bokitin tsakar gida. Bayan kwana goma ta kira shi ya zo ya gani: 'ya'yan barkonon da ta watsa a ciki sun tsiro. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko ciyawa ce.