Wuyan da Karimu Bai Haɗa Ba

Hajiya Barakatu atamfa take sayarwa a kasuwar Dapaong, kuma shekara talatin ke nan da aure ya kawo ta daga Zongon Sokodé, amma har yau in ta ce "gida", Sokodé take nufi. Ni kuwa shagon buga katin biki nake da shi kusa da rumfarta. Ba ni da haƙurin koyarwa, kowa ya sani.

Ranar da ta shigo da wani tsohon littafin rubutu a naɗe cikin ɗankwali, na ɗauka rasit za a buga mata. Ashe zane-zane ne na biro, aikin yayanta Karimu, wanda ya rasu da jimawa. Mutanen unguwarsu ne ya mayar abin dariya: mahauci mai tumbin da ya fi teburinsa, mai koko da ludayin da ya kai tsawonta, ladan yana hamma.

"Salamata, so nake in saka musu kala," in ji ta. "Kayan nan duk baƙin biro ne, kuma ni kaɗai na rage da na san rigar kowa."

Na ɗauki hotunan shafukan, na zuba mata a tabilet, na nuna mata alamar ɗan bokitin da ake dangwalawa launi ya cika wuri. Ta zaɓi ja, ta taɓa rigar mahauci. Nan take shafin duka ya yi jawur, har sama da ƙasa. Ta yi salati ta janye hannu kamar ta taɓa murhu.

Na duba da kyau, sai na ga matsalar. Kowane mutum a littafin akwai ɗan giɓi a wuyansa, layin kai bai taɓa na jiki ba. Ta nan launin yake zubewa.

"Yayanki bai iya rufe layi ba, Hajiya. Bari in haɗa miki."

Ta riƙe min hannu. Ta ce mahaifinsu malamin allo ne, ba ya yarda a zana mai rai a gidansa. Littafin Karimu na farko a wuta ya ƙare. Daga baya suka daidaita: in kai bai haɗu da jiki ba, ba cikakken mutum ba ne, sai ya kau da ido. Haka Karimu ya ci gaba da zane a zaure, malam yana wucewa yana yi kamar bai gani ba.

Na ce to, sai ta haƙura da bokiti, ta shafa da yatsa kaɗan-kaɗan. Wata huɗu tana zuwa bayan la'asar. Tana shafawa tana surutu: zanin mai koko shuɗi ne da ya koɗe, hular ladan ruwan ƙasa, ta aro ce ma. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci in ji tausayinta ya kama ni.

Da aka zo shafin ƙarshe, ta fita salla, ni kuma haƙurina ya ƙare. Zanen wani tsoho ne da rawani, yana gyangyaɗi a kan buzu. Na ja ɗan layi na rufe wuyan, na cika fatar da launi a dangwale ɗaya. Ya yi kyau, wallahi.

Ta dawo ta daɗe tana kallo.

"Baba ne wannan," ta ce. "Dubi kwanan watan da ke ƙasa. Shekara biyu bayan rasuwarsa Karimu ya zana shi. Babu mai ƙona masa littafi a lokacin, amma bai haɗa ba."

Kunya ta rufe ni. Na goge layin da na ja, launin ma na cire, na miƙa mata tabilet ɗin. Ta goge yatsanta a gefen mayafi, ta fara daga rawanin.