Tokar Khaibar

Shekarar da jami'a ta buɗe ɗakin gwajin kayan gini a Madina, mu tara aka ɗauka koyo, ni kaɗai ne Bahaushe. Daktan da ke shugabantarmu bai taɓa kiran sunana ba. "Ya Takruni," haka kawai, laƙabin da Larabawa ke wa baƙaƙen Afirka ta Yamma, kamar mai kiran ɗan dako a kasuwa.

Ni na kawo shawarar haɗa siminti da tokar baƙin dutsen Khaibar, don na ga babana magini yana yi a unguwarmu ta Sih. Wata takwas ina kwaɓawa, ina zuba tubala, ina jiƙa su a kwatami. Da takardar binciken ta fito, sunan dakta ne da na ɗan ƙanwarsa a kai, kuma da ita za a zaɓi wanda za a tura ƙaro karatu. Na je ofishinsa, ya ce, "Halas, magana ta ƙare, kai ai hannu ka sa, ba ƙwaƙwalwa ba." Wallahi na tsani mutumin nan, har yau ban daina ba.

Akwai abin da ban rubuta ba. Tubalin toka ba ya son gaggawa, sai ya yi wata uku a ruwa kafin ya yi ƙarfi. Dakta ya gayyato kwamitin jami'a, ya sa aka zuba sababbi saura kwana bakwai, wai tsofaffin sun yi dauɗa. Ina tsaye ina ji, na ja bakina na yi shiru.

Ranar, injin matsa tubali bai ko yi nishi ba, na farko ya ruguje kamar busasshen gurasa. Na biyu ma haka. Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya tambayi dalili, dakta ya dubi ɗan ƙanwarsa, shi kuma ya dubi ƙasa.

Bayan la'asar sai ga dakta a ƙofar gidanmu. Na bar shi a rana har na gama shan shayina.

"Ya waladi, ɗana, ka taimake ni, kujerata ce za ta tafi."

Na ce sunana a takarda, nasu a goge, sannan yaranmu Hausawa huɗu su shiga koyo baɗi. Ya ce huɗu sun yi yawa.

Na ce, "To, biyar."

A jikin bangonmu ya dafa takardar yarjejeniyar ya sa hannu, don ban ba shi wurin zama ba.